Barcin Kwamfuta a Ƙasar Damargu: Nasiha ga Ƴaƴanmu

Ƴaƴana na Tanut da Belbeji, maza da mata. Ƴar magana ce zan yi muku a kan wani abu da hannunku ya saba da shi har ba ku lura da shi: rufe murfin kwamfuta. Koke-kokenku a kan wannan ba su wuce uku ba. Wani ya rufe tasa da dare caji cike, gari ya waye ya tarar ta mutu murus. Wata ta ɗaga murfi, ga fitila na ci, ga fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Wani kuma ya sauka daga mota ya zaro tasa daga jaka, ya ji ta ɗau zafi har hannu ba ya iya riƙe ta. Su ukun magani guda ake faɗa musu: a kai ta Damagaram a yi mata fomat. Tafiyar kusan kilomita 150 ke nan daga Tanut, ga kuɗin mota, ga ladan mai gyara, ga takardun da za su bi ruwa, sannan bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo, domin tun farko ba inda yake aka taɓa ba.

Roƙona gare ku shi ne ku san irin barcin da kuke sa na'urar nan, in kuma ta ƙi tashi, ku fara tambayarta dalili kafin ku tambayi kowa. Tana rubuta abin da ya same ta, mu ne ba mu karantawa.

Wuri biyu kwamfuta ke riƙe abu. Na farko ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke ce wa RAM. Tana da sauri ƙwarai, amma da zarar wuta ta yanke mata, duk abin da ke ciki ya tafi. Na biyu faifan ajiya, wanda ko an shekara ba wuta abin da aka rubuta a kansa yana nan. Ƙaramin barci, wanda kuke gani a allo da sunan Veille, yana kashe allo da fanka da kusan komai, amma yana barin aikinka cikin RAM, batir yana ɗan ɗiga mata wuta don kada ta manta. Dogon barci, Veille prolongée, shi kuwa kwashe duk abin da ke cikin RAM yake yi ya rubuta a faifai, sannan na'urar ta mutu gaba ɗaya. Ku dubi masu tireda biyu. Ɗaya ya kishingiɗa a rumfarsa da rana, kaya a baje. Kana sallama ya miƙe ya sallame ka, amma in hadari ya taso da iska, kayan sai yadda hali ya yi. Ɗayan ya tattara ya kulle shago ya tafi gida; sake baje kaya zai ɗan ci masa lokaci, sai dai ko me dare ya kawo, kayansa na nan.

Ba jiya aka yi wannan tsari ba. A Disamba 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta jera matakan wutar kwamfuta daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. Ƙaramin barci shi ne S3, dogon barci S4. Ku riƙe lambobin nan, za mu sake haɗuwa da su. Su waɗanda suka tsara abin, a ransu batir sabo ne, ɗaki da sanyi, soket kuma kullum da wuta. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad da suka yi shekaru a wani ofis a Turai kafin su iso mu ta Kwatano ko ta Kano, batirinsu ya riga ya sha jiki. A Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Batun wuta kuma ba sai na faɗa muku ba. Matatar mai ta SORAZ tana ƙasar Ollelewa tun Nuwamba 2011, amma malamin makaranta a yankin Tenhiya ko ƙauyukan Tarka da farantin sola yake caji, ko ya aika da na'urar kasuwa wajen mai janareta. Ko biranen da ke kan babban layi sun ɗanɗana a Agusta 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, ta yanke wuta saboda takunkumin CEDEAO, aka yi watanni ana fama. A irin wannan ƙasa, wanda ya bar aikinsa cikin ƙaramin barci ya damƙa wa gajiyayyen batir amanar da ba lallai ya iya riƙewa ba.

Don haka da batir za a fara. A Windows, ka rubuta cmd a wurin nema, baƙar tagar umarni za ta buɗe, sai ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai haɗa maka takarda, ya kuma nuna maka inda ya ajiye ta. Layi biyu kaɗai za ka duba a ciki: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. A ce na farko ya nuna 45,000 na biyu ya nuna 12,000, to Windows ba shi da laifi, kuma ko sau goma aka yi fomat ba abin da zai canza. Irin wannan batir ne ke nuna saura kashi 30, kafin ka ƙifta ido ya ɗauke. Windows yana da dabarar shiga dogon barci da kansa in caji ya zo ƙarshe, galibi a wajen kashi 5, amma tsohon batir ba ya kai shi can. Ka shiga Options d'alimentation, ka nutsa cikin saitunan da ke can ciki, ka ɗaga wannan iyaka zuwa 20 ko 25, don na'urar ta samu ta adana aikinka tun tana da sauran numfashi. A nan ne kuma za ka ga inda ake ce mata, bayan minti kaza cikin ƙaramin barci, ta zarce zuwa dogo. A ganina minti 30 ya isa.

In ba ka ga dogon barci a jerin zaɓi ba, ba ɓata ya yi ba, ɓoye shi aka yi. Ka buɗe tagar umarni a matsayin mai iko da na'ura, ka rubuta powercfg /h on, sannan ka je inda aka rubuta Choisir l'action qui suit la fermeture du capot, ka ce in an rufe murfi kuma na'ura na kan batir, dogon barci kake so. Sai dai yana buƙatar fili. Fayil ɗin da yake rubutawa, hiberfil.sys, a Windows 10 yakan ɗauki kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, wato mai RAM giga 8 ya tanadi giga 3 da ɗoriya. Wanda ya cika faifansa maƙil da finafinai, to ya zaɓa tsakanin fim da aikinsa. Ban ce a goge duka ba, ni ma ina kallo.

Ita kuwa wadda ta yi zafi cikin jaka, ɗayan biyu ne: ko dai ba ta kwanta ba sam, ko wani abu ya tashe ta a hanya. Kwamfutocin shekarun baya-bayan nan da yawa ba su da S3 ma. Tun Windows 8, a 2012, Microsoft ya fito da wani salon barci, wanda a Windows 10 ake kira Modern Standby, don kwamfuta ta riƙa farkawa nan take kamar wayar salula. A wannan salo na'urar ba ta sauka daga S0. Allo take kashewa ta rage cin wuta, amma tana iya duba saƙo ko ta sauke sabuntawa murfi a rufe. In komai lafiya, ba matsala. In wata manhaja ko wani direba, wato ƴar manhajar da ke sarrafa wani sashen na'ura, ya ƙi kwanciya, sai injin ya ci gaba da aiki cikin jaka, ba iska, a bayan mota, rana tsaka. Ka rubuta powercfg /a ka dubi jerin da ke sama, na abin da na'urarka ke iyawa. In ka ga S3, tsohon salo gare ka. In ka ga S0, to kada ka kuskura ka sa ta jaka sai cikin dogon barci ko a kashe.

Akwai umarni uku da za su tona maka asirin mai laifi. powercfg /requests zai faɗa maka wace manhaja ce ta hana ta kwanciya, sau da yawa wani bidiyo ne da aka bari a buɗe ko takardar da ta maƙale a layin bugawa. powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tashe ta na ƙarshe. powercfg /devicequery wake_armed kuma zai jera duk abin da aka ba izinin tashinta. Kada ku yi mamaki in kun tarar linzami ne, wanda ba shi da waya, an jefa shi jaka a kunne, ɗan ƙarfensa na maƙale a jikin kwamfuta. Duk gargadar da motar kasuwa ta faɗa tsakanin Gangara da Tanut, linzamin ya motsa, kwamfuta ta ɗauka maigidanta ne ya dawo. Maganin bai wuce kashe ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa ba.

Ku kuma koyi ɗan jira. In ka rufe murfi, ka saurara sai fanka ta yi shiru, fitila ta koma ƙiftawa a hankali ko ta mutu, sannan ka ɗauka. Mai tsohon faifai mai juyawa ya fi kowa buƙatar wannan, domin a daidai lokacin da na'urar ke rubuta dogon barci, jijjiga na iya yi wa faifan lahani. Zafi kuma shi ne babban abin da ke tsofar da batirin litiyom. In kun ga wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko gindin kwamfuta ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. A daina caja shi, kada a huda shi, a cire a sa wani.

Sai baƙin allo. A nan gaggawa ce ke ɓata aiki, domin hannu yakan tafi kai tsaye ga makunni ya danne, alhali sau da yawa kwamfutar ta farka, allon ne kawai bai biyo ta ba, kuma aikinka na nan cikin RAM da ransa. Ka fara taɓa maɓallin manyan baƙaƙe, Verr Maj ko Caps Lock. In ƴar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, na'urar na raye. Ka ƙara hasken allo da maɓallin Fn, don wani lokaci haske ne ya sauka ƙasa. In bai yi ba, a Windows 10 da 11 ka danna Windows da Ctrl da Maj da B a tare, wannan yana sake tada direban allo ba tare da ya rufe maka komai ba. Sai duk sun gaza za ka danne makunni daƙiƙa goma, ka san kuma abin da ba ka adana ba ya tafi. In abin ya zama ɗabi'arta, direban allo ake sabuntawa, daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. In kuma takan mutu ko ta sake kunna kanta a lokacin farkawa, mai gyara ya zare RAM ya share ƙurar hunturu ya mayar da ita daram. Agogon da ke komawa shekarun baya kuwa ƙaramin batirin cikin inji ne ya ƙare, irin mai faɗin kwabo, CR2032 a yawancinsu. Akwai ma wadda ke yin barci kana tsakiyar rubutu. Murfi da maganaɗisu ake gane an rufe shi, don haka waya ko wani abu mai maganaɗisu da aka ɗora a gefen madannai na iya ruɗar ta.

Wani abu da ƙalilan suka sani: tun Windows 8, Arrêter ba kashewa ba ce cikakkiya. Akwai abin da ake kira Démarrage rapide, wanda ke rufe manhajojinka amma ya ajiye zuciyar Windows da direbobinta a faifai, don gobe ta tashi da sauri. To in direban Wi-Fi ne ya rikice bayan barci, ka kashe ka kunna, rikicin aka adana aka dawo maka da shi. Redémarrer ne ke wanke komai. Ko ka riƙe Maj lokacin da kake danna Arrêter.

Yanzu ga ku da kuka koma Linux, kuma na san kuna ƙaruwa, musamman ɗalibanmu da ke Jami'ar André Salifou a Damagaram. Kuna da hujja. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, abin da ya bar yawancin kwamfutocinmu a waje. Linux Mint ko Ubuntu ko Debian suna tafiya lafiya a kansu. Amma a Linux murfi yana da iyayen gida biyu. Akwai systemd-logind a ƙasa, mai bin abin da aka rubuta a /etc/systemd/logind.conf, akwai kuma mai kula da wuta na teburin da kake amfani da shi, GNOME ne ko KDE Plasma ko Xfce ko Cinnamon. Yawanci na tebur yakan karɓi ragamar daga hannun na ƙasa. In bai karɓa da kyau ba, sai ka ga ka canza saiti a taga amma murfi na yin abin da ya ga dama. systemd-inhibit --list zai nuna maka wanda ke riƙe da ragamar.

Gwajin da ya fi kowane amfani mai sauƙi ne. Ka adana aikinka, ka buɗe tagar umarni, ka rubuta systemctl suspend. In ta kwanta ta tashi lafiya, to injin da direbobi ba su da laifi, matsalar tana saitin tebur ko murfi, ka nema a can. In ta ƙi, abin ya fi haka zurfi, kuma canza tebur daga GNOME zuwa Xfce wahalar banza ce. Sai ka duba cat /sys/power/mem_sleep. In ka ga s2idle da deep, wanda aka kewaye shi ne ke aiki; deep shi ne S3, kuma ana iya zaɓarsa ta hanyar ƙara mem_sleep_default=deep a saitin GRUB, wato manhajar da ke tada Linux. Wasu ThinkPad ma cikin BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Linux ya tashi, ake zaɓar salon barcin. In ta daskare har ka kashe ta da ƙarfi, bayan ta tashi ka rubuta journalctl -b -1 ka gangara ƙarshe, layukan ƙarshen nan su ne abin da take yi lokacin da ta tsaya. Ko ba ka gane su ba, ka ɗauki hotonsu da waya, wanda ya sani zai gane. Wadda ke farkawa nan take da an kwantar da ita, a duba /proc/acpi/wakeup, sau da yawa layin XHC ne, wato ƙofofin USB. Mai katin allo na NVIDIA kuwa ya fara zargin direbansa.

Dogon barci a Linux sai an yi masa shimfiɗa. Ubuntu ya cire shi daga jerin zaɓi tun fitowar 12.04 a 2012, saboda yawan na'urorin da bai yi wa aiki daidai ba. Dogon barcin yana son wurin swap a faifai da zai ɗauke abin da ke cikin RAM, mafi aminci ya kai girmanta, ɗan swap ɗin da ake samu bayan girkawa kuwa bai cika isa ba. Yana son a faɗa wa tsarin inda zai nemo ajiyar in ya tashi, da resume= a GRUB. Kuma in Secure Boot na kunne, yawancin manyan Linux ba su yarda da dogon barci. Wanda ya iya haɗa waɗannan, ya gwada da systemctl hibernate ba wani aiki mai muhimmanci a buɗe, to ya samu abu mai kyau, har yana iya sa suspend-then-hibernate, ta fara da ƙarami ta zarce dogo da kanta. Wanda bai iya ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ya adana aikinsa ya kashe. Kwamfuta mai faifan SSD ba ta cika minti ɗaya kafin ta tashi.

Gargaɗi biyu da ba na so ku ɗauka da wasa. Wanda ya haɗa Windows da Linux a na'ura ɗaya, kada ya bar Windows cikin dogon barci ko Démarrage rapide sannan ya shiga Linux ya tilasta rubutu a ɓangaren Windows. Linux yakan ƙi, ya ce karatu kawai ya yarda, kuma gaskiyarsa ne, domin in Windows ya farka ya tarar an taɓa faifan a bayan idonsa, fayiloli na iya lalacewa. Na biyu, sabunta BIOS yakan warkar da ciwon barci, amma in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, na'urar na iya ƙin tashi kwata-kwata. Ba a yinsa da mataccen batir, ba a yinsa a kan janaretan da ke tari.

Duk abin da za ku gwada, ɗaya bayan ɗaya. Ka canza abu guda, ka kwantar da ita, ka tashe ta, ka rubuta abin da ya faru a ɗan littafi. Wanda ya canza abu biyar a zama ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in kuma ta ƙara lalacewa bai san ta inda zai koma ba. Ka zare duk abin da ke maƙale da ita, kilen USB da linzami da waya, ka gwada ta ita kaɗai. Ka gwada a kan caja, ka gwada a kan batir. Littafin nan shi za ka miƙa wa mai gyara in tafiyar ta zama dole. Masu gyaranmu ba mugaye ba ne, akwai gwanaye a cikinsu, amma mutumin da aka ce wa “ba ta tashi” kawai, ga layin mutane na jira, hanyar da ta fi gajarta zai bi. In ka ce masa tana tashi a kan caja amma ba ta tashi a kan batir, ka rage masa rabin aiki, ka kuma rage wa aljihunka.

Ku da ke riƙe da bayanan jama'a, ma'aikatan cibiyoyin lafiya na CSI da sakatarorin ma'aikatar magajin gari da daraktocin makarantu masu makin yara, naku ya fi nauyi. Ku sa na'urar ta nemi kalmar sirri duk lokacin da ta farka, don wanda ya ɗaga murfi a bayanku kada ya tarar da komai a buɗe. Ku saba wa yatsunku da Ctrl da S kafin su kai ga murfi. Word da LibreOffice suna ajiye kwafin ceto duk minti 10, ku rage shi zuwa 3 ko 5. Ku kuma riƙe kwafin aikin a kile, a aljihu dabam da jakar kwamfuta.

Wanda ya gane wannan a cikinku, don Allah ya zauna da na kusa da shi ya nuna masa a kan tasa na'urar, musamman malaman da aka tura ƙauyukan Falanko da Tarka, inda mai gyara ya yi nisa.